Kafin ka miƙa wa yaro makullin mota

Duk uban da gabansa ke faɗuwa idan ɗansa ya ja mota ya fita, yana da gaskiya. Abin da ke damuna shi ne, a Katsina wannan fargabar takan tsaya ne a kan "Allah ya tsare", alhali a nan Ingila an mayar da ita doka.

A gida kowa ya san yadda ake koyo. Yaro ya fara da wanke motar Alhaji, sai ɗumama inji da safe, sai fito da ita ƙofar gida. Daga nan direba ko yayansa ya kai shi fili. Ranar da ya saki kuloci motar ba ta mutu ba, ya yi ribas bai goge katanga ba, an ce ya iya. Wannan sarrafa mota ne kawai, kuma shi ne ɓangare mafi sauƙi. Mai wuyar shi ne karanta hanya, wato hango abin da zai faru kafin ya faru.

A Ingila ɗan shekara 17 yana iya fara koyo, amma sai da lasisin wucin gadi, da alamar L ta mai koyo a gaba da bayan mota, kuma wanda zai zauna gefensa dole ya haura shekara 21, ya kuma riƙe lasisi shekara 3. Akwai jarrabawa mai tambaya 50, sai ya ci 43, sannan a nuna masa bidiyon hanya a ga ko yana gano haɗari da wuri. Bayan ya samu lasisi, idan ya tara maki 6 na laifi cikin shekara 2 na farko an soke shi. Riƙe waya kaɗai yana tuƙi maki 6 ne.

Mu ma ba mu rasa doka ba. Sai shekara 18 ake ba da lasisi a Najeriya, bayan makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita da gwajin jami'an duba motoci, wato VIO. Sai dai a yi lasisi ta bayan fage ba sabon abu ba ne, kuma hanyarmu ta fi tasu neman hankali. Yaron Ingila ba ya haɗuwa da akuya, da amalanke, da ɗan acaɓa mai shigowa ta hannun da ba nasa ba, duk lokaci guda a shataletalen Ƙofar Ƙaura. Saboda haka abin da hukuma ke yi a Ingila, uba ne zai yi shi a gida.

A fara da birki, domin nan matasa suka fi yaudarar kansu. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafa ta bar totur. A busasshiyar kwalta, mai gudun kilomita 48 yana buƙatar kimanin mita 23 ya tsaya, mai 96 kuwa mita 73, har da tafiyar da motar ke yi kafin a taka birki. Ninka gudu sau biyu yana ninka tafiyar da ake yi bayan an taka birki sau huɗu. A kai shi hanyar da ba kowa, a ajiye jarka, ya taka birki daidai wurinta, sannan ya sauko ya auna da ƙafarsa inda motar ta tsaya. Tazara da motar gaba daƙiƙa 2 ce, da ruwan sama ko hazo a ninka.

Sai a bi mataki-mataki: unguwa da sanyin safiya, cikin gari da cunkoso, sannan hanyar Daura ta Mashi da rana, babba na gefe. Wuce mota, musamman tirela, shi ne na ƙarshe, don yaro bai iya ƙiyasta gudun motar da ke tahowa ba tukuna. Tuƙin dare ya jira watanni. Idan mai tahowa ya haske shi, ya kalli bakin titi na dama, ya rage gudu, kada ya rama.

Abokai a mota kuwa a hana gaba ɗaya a farko. Yaron da ke tuƙi tsaf shi kaɗai, da an zuga shi ranar kai amarya sai ya shiga wasan mota. Uwa ta fi kowa sanin su wa yake yawo da su, a saurare ta.

Taya ma a koya masa dubawa. Lambobi huɗu a gefenta suna nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Iskar da ta dace galibi tana rubuce a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta yi zafi, kada a bar mai faci ya cika da ka. In ta fashe a guje, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur, kada ya danna birki sai motar ta rage gudu da kanta, sannan ya gangara gefe.