Gida ya samu, fatoman ne babu

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su san otal ba. Idan ayari ya isa Salaga, ko daga baya Kumasi, madugu ya san ƙofar da zai nufa: gidan fatoma. Shi zai ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya nemo mai saye, ya yi tafinta, idan kuma rigima ta haɗa su da mutanen gari shi ke shiga gaba. Haka masu shanu suka riƙa sauka wurin masu gidaje a Sabo ta Ibadan. Ɗakin kwana shi ne ƙaramin abin da baƙo ke samu a wurin. Babban abin shi ne mutumin da ya tsaya masa.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne yadda hayar gida ta 'yan kwanaki ta zama ruwan dare tsakanin mutanenmu masu fita waje da kansu, ba ta hannun kamfanin shirya tafiya ba. Mai kai mahaifiyarsa asibiti a Alƙahira, Hajiya mai sarin kaya a Laleli ta Istanbul, iyalin da za su bikin kammala karatun ɗansu a Ingila, duk yanzu sai ka ji sun ce sun kama gida a manhajar Airbnb ko Booking.com, ko kuma wani dillali ya turo musu hotuna ta WhatsApp.

Ni ina cikin masu son abin, kuma ina da dalili. Sati biyar na yi ina jinyar gwaggona a wani gida da muka kama a unguwar Madinatu Nasr ta Alƙahira. Likita ya hana ta gishiri da maiƙo, ita kuma ko ba a hana ba, abincin otal ba ya shigar mata. Da yake akwai kicin, ƙanwata ta riƙa dama mata kunu da safe, ta yi mata miyar kuka da daddawar da muka ɗauko daga gida, har ta fara cin abin kirki. A otal ɗaki biyu za mu biya kullum, mu sayi abinci sau uku, mu biya wanki. A nan mata suka ajiye mayafi suka sake, muka yi salla tare a falo, ɗaliban Azhar 'yan garinmu suka riƙa zuwa dubiya ana zama ana hira. Wanda zai daɗe, musamman da iyali ko marar lafiya, ban ga abin da zai kai shi otal ba.

Amma a daren da jikinta ya rikice wajen ƙarfe biyu na gane abin da na biya da abin da ban biya ba. Na kira mai gidan har sau shida, wayar a kashe. Ban taɓa ganinsa ba. Yaro ya aiko da makulli. Ban ma iya kwatanta wa mai mota layin da muke ba. Mai gadin benen, wanda Misirawa ke ce wa bawwab, shi ya fito cikin jallabiyar barcinsa ya samo mota ya raka mu. Allah ya saka masa da alheri. Babu ko sisi nasa a cikin kuɗin da na biya.

Lokacin da aka kafa Airbnb a San Faransisko a 2008, tushen abin shi ne mai gida yana ciki, ya ba baƙo wurin kwana a gefe. Yau da yawa daga cikin gidajen kamfanoni ne ke riƙe da su barkatai, makulli na cikin wani ɗan akwati a bango, a turo maka lambobin buɗewa. Kana iya shiga ka fita ba ka ga fuskar kowa ba. To wanda ba shi da fatoma, dole ya nemi abin da zai maye gurbinsa, kuma abu na farko shi ne lasisi.

Mu ɗauki Turkiyya, tunda can 'yan kasuwarmu ke yawan zuwa. Daga ranar 1 ga Janairun 2024, duk mai ba da hayar gida na kwana 100 ko ƙasa da haka sai ya karɓi izini daga ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, sai sauran masu gidaje a benen sun amince gaba ɗaya, sannan a liƙa allon shaida a ƙofar gidan. Idan babu izini mai gida ake ci tara, gaskiya ne, amma kai baƙo ne za ka kwashi jakunkuna da kwalayen kaya ka rasa inda za ka nufa. A New York kuwa, tun Satumbar 2023 aka tsananta aiki da dokar da ta ce hayar ƙasa da kwana 30 ba ta halatta sai mai gidan yana zaune a ciki tare da baƙi, su ma kada su wuce biyu. Landan ta ƙayyade wa mai gida dare 90 a shekara na irin wannan haya. Magajin garin Barcelona, Jaume Collboni, ya sanar a 2024 cewa lasisin gidaje kimanin 10,000 zai ƙare zuwa Nuwamban 2028, ba sabuntawa.

Ban ɗauki waɗannan dokoki ƙiyayyar baƙi ba. Gidan da ake ba matafiya dare-dare ya fi kawo kuɗi a kan wanda ake ba malamin makaranta shekara-shekara, don haka malamin ake tayarwa. Masu haya a Legas da Abuja sun fara ɗanɗana wannan. Mu da muka san zafin ƙarin kuɗin haya, bai kamata mu yi mamakin fushin mutanen Barcelona ba.

Sai maganar biya. Shekarun da katin naira ya daina aiki a waje sun tura mutane da yawa hannun dillalai, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu dillalan, musamman ɗaliban da suka daɗe a gari kuma jama'a ta san su, su ne ma mafi kusa da fatoman da nake magana. Irin wanda nake tsoro shi ne wanda ba wanda ya san shi sai lambar waya, ya ce ka tura rabin kuɗi kafin ka taso. Haka mai gidan da zai ce ka soke a manhaja ka biya shi kai tsaye ya rage maka. Airbnb na riƙe kuɗin sai baƙo ya shiga kafin ta sakar wa mai gida. Ka fita daga manhajar, ka yar da wannan igiyar da hannunka. Kamfanin ya kuma haramta kyamara a cikin ɗakuna daga ƙarshen Afrilun 2024. Mai tafiya da matansa da 'ya'yansa mata ya san nauyin wannan, kuma gidan da aka kama a bayan fage ba wanda zai bi maka kadinsa.

Mu ma akwai namu. A rubuta mutum uku, goma su kwana. A cika matattakala da kwalaye. A yi ta waya da ƙarfi tsakar dare, ga maƙwabci zai fita aiki da asuba. Banɗakunan Turai da yawa ba su da magudana a ƙasa, sai a yi alwala a malale ruwa har ya ɗiga wa na ƙasa. Mai gidan ba sunanka kaɗai zai riƙe ba, ƙasar da ke jikin fasfonka zai riƙe, ɗan'uwanka da zai nema gobe a ce masa gida ya cika.

Idan kwana biyu ko uku zan yi, ko garin ban taɓa zuwa ba kuma jirgi zai sauke ni da dare, otal nake kamawa, ko da ya fi tsada. Idan zan daɗe, ina neman lambar lasisi, in sa a zagaya da ni gidan ta bidiyo kai tsaye, sannan in tambayi sunan wanda zan kira da ƙarfe biyun dare da kuma nisan gidansa da nawa. A tafiyata ta ƙarshe gidaje biyu na bari saboda sun kasa amsa wannan tambayar.