Jiran motar lantarki ba hujjar cika mana huhu da hayaki ba ce

Tun da Tarayyar Turai ta amince a 2023 cewa daga 2035 za a daina sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaki, wata magana ta samu gindin zama a bakin masu motoci: wai matsalar ta kusa zama tarihi, a jira motar lantarki kawai. Wannan magana tana ɓata min rai, domin ta ba direba damar naɗe hannu alhali ƙafarsa na kan totur.

Motocin da ke kan titi yau za su daɗe suna aiki. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga tsofaffin motoci miliyan 14 da aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 nasu zuwa Afirka. Mota ba ta daina hayaƙi don ta canza mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, kuma tun 2012 aka sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji.

Ka tsaya a ƙofar makaranta lokacin tashi. Motoci a jere, injin kowace na aiki, direba a ciki ya rufe gilashi yana shan sanyi minti ashirin. Yaro ɗan shekara biyar yana ratsawa ta bayansu da jakarsa, hancinsa kusa da bakin salansa. Shi yake shaƙar abin da babban ya ƙi kashewa. Wace doka ta 2035 ce za ta cece shi yau?

Kowace litar fetur da ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ko motar na tafiya ko tana tsaye. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce figar mota da taka birki da ƙarfi a cikin cunkoso na iya rage nisan da mai zai kai ka da kashi 10 zuwa 40 cikin 100. Wanda yake fizgar mota daga wannan danja don ya ci birki a ta gaba bai riga kowa isa ba, mai kawai ya ƙona a fuskar na baya.

Mafi muni shi ne wanda ke sa bakanike ya cire tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, don ya sayar da ita saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, ko wai don mota ta ƙara ƙarfi. Wannan tukunyar ce ke juya guba zuwa iska mai sauƙin illa. Cire ta ganganci ne da lafiyar mutane, ba wayo ba.

Masu cewa laifin kamfanoni ne sukan kawo Volkswagen, wanda aka kama a 2015 da maguɗin gwajin hayaƙi a motoci miliyan 11. Gaskiya ne, amma ba kamfanin ne ya hana ka murɗa makulli a ƙofar makaranta ba.

A riƙa duba salansa da gaske kafin a sabunta takardun mota, a ci tarar mai barin inji na aiki a gaban makaranta da asibiti. Makarantun koyon tuƙi ma su koyar da sassauta ƙafa kamar yadda suke koyar da sauya giya.