Ƙarshen da Ya Ƙi Ƙarewa

Na shafe shekaru ina damun 'yan majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura da cewa ba a taɓa rufe wani katun da kyau kamar Futurama ba, wato labarin Fry, ɗan aiken da ya daskare a daren ƙarshe na 1999 ya farka bayan shekara dubu. Ranar Asabar suka gaji da cika-bakina, suka ce in kawo a gani. Na je wurin masu turi aka sa mini kashi na ƙarshe, na 2013, na kinkimo talabijin ɗin ɗakina, na kuma sayi balangu da kuɗina.

A wannan kashin Farfesa, tsohon masanin kimiyyar da Fry ke yi wa aiki, ya ƙera wani maɓalli mai mayar da lokaci baya da daƙiƙa goma, don haka abu ɗaya yake ta maimaituwa. Tela, wanda kun san halinsa, ya rantse filashin ne ya lalace. Na yi masa bayani, ya ce shi ma haka kekensa yake yi idan zare ya sarƙe. Da maɓallin ya fashe duniya ta tsaya cak, aka bar Fry da budurwarsa Leela kaɗai suna motsi, sai Tela ya miƙe ya ɗala wa talabijin ɗina mari har sau biyu, wai hoto ya maƙale. Mutumin nan fa tun ƙaramar sallah yake riƙe da shaddata, kullum gobe, kuma shi ya fi kowa kai hannu cikin balangun.

Duk da haka muka kai ƙarshe. Fry da Leela suka yi aure, suka zagaya duniya su biyu har suka tsufa, sannan Farfesa ya ɓullo ya ce zai mayar da su baya su sake rayuwar daga farko, ba tare da sun tuna komai ba, suka amince. Ni da furfurata a gemu sai ga hawaye. Maimakon in share in zauna, sai na miƙe tsaye kamar mai wa'azi, na ce an dakatar da shi a 2003 ya dawo, an sake sallama a 2009 ya dawo, amma wannan karon Matt Groening, wanda ya ƙirƙiro katun ɗin, ya san ya gama, kuma duk wanda ya nuna mini kashi ɗaya bayan wannan, zan ba shi zabo biyu.

Ɗan yayata, wanda aka aiko ya karɓi caja, yana rakuɓe a bakin shago. Ya durƙusa cikin ladabi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ya ce, "Kawu, ai masu manhajar kallo ta Hulu sun dawo da shi tun 2023." Ya miƙo waya. Na karɓa, na cire tabarau, na goge, na mayar, hannuna ɗaya yana nan a sama inda wa'azi ya bar shi, hawayen ma ba su bushe ba. Ga Bender, mutum-mutumin nan abokin Fry, yana dariya, sabo fil. Na ce wataƙila na jabu ne. Yaron ya ce, "A'a Kawu, akwai na 2024 ma," ya sake durƙusawa.

Tela ya ce shi shaida ne, saboda haka zabo ɗaya nasa ne. Talabijin ɗin kuwa tun daren nan wani koren layi ya fito masa a gefen hagu, daidai inda marin ya sauka.