Dattijo da Zabura ta 119

An gama tuwon dare ke nan a unguwar Zariya, sai Dattijo ya hau buga murfin tukunya da cokali. Ƙararrawar sujadar gida ke nan, ba a kuwa jin ta sai an sa gasar hadda a majami'a.

DATTIJO: Kowa ya matso! Dauda, zauna nan gabana. Ran Lahadi za ka tsaya gaban ikilisiya ka kawo Zabura ta 119 da ka.

MAMAN DAUDA: Haba Baban Dauda, aya 176 ce fa. Yaron da shekararsa biyar, ko lakwal bai shiga ba?

DATTIJO: Bara ɗan ma'aji ya kawo ta 23, aya shida tak, har yau ubansa da yatsa biyu yake ba ni hannu. Ni dattijon ikilisiya guda, ɗana ya tsaya a shida?

MAMAN DAUDA: To ga ta 117, aya biyu ce, ya ma iya ta.

DATTIJO: Biyu? Sai ka ce cefanen gwauro!

KAKA: Kai da aka ba aya guda a makarantar Lahadi a Tsibiri, "Yesu ya yi hawaye," ka tsaya gaban mutane, kai ka yi hawayen.

DATTIJO: Inna, zazzaɓi nake ranar.

KAKA: I, zazzaɓin da ya jiƙa wando.

Ya yi kamar bai ji ba. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya tafi neman Zabura can wajen Afisawa. Bai kai ga gane ɓatan kai ya yi ba aka ɗauke kuran. Masu kuran dai sun san lokacin da ake bukatarsu, shi ya sa ba sa kuskure shi, balle cikin zafin Afrilu.

DATTIJO: Aikin Shaiɗan ne, ya ga za a yi abin kirki a gidan nan. Miƙo salulata in haska.

Hasken bai kai kan aya ta fari ba WhatsApp ya yi ƙara.

DATTIJO: Ku dakata, saƙon dattawa ne.

DAUDA: Baba, dattawa suna kokowa ne? Ina jin ganga.

DATTIJO: Rufe baki! Yakubu ma ya yi kokowa, Farawa sura 32.

Sai da aka yi kaye kana ya koma kan hadda. Amma kafin aya dole a yi gabatarwa, gabatarwa ta haifi wa'azi, wa'azi ya kai ga tarihin yadda aka zaɓe shi dattijo da yawan hannuwan da aka ɗaga. Rahila, 'yar shekara uku, ta ɓingire kan cinyar uwarta.

DATTIJO: Tashe ta! Ba a barci a sujadata.

MAMAN DAUDA: Gode wa Allah a tabarma take. Aftikos a taga yake zaune da Bulus ya ja magana har tsakar dare, daga hawa na uku ya faɗo.

DATTIJO: Wato da Bulus kike kwatanta ni. Na gode, ashe kin fara ganewa.

MAMAN DAUDA: Bulus ya sauka ya ta da yaron. Kai ko mai kuka aka miƙa maka cewa kake kana da taro.

Ana haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gawayi ne, jika uku yake bi tun Kirsimeti. Muryar da ta cika unguwa ta koma raɗa.

DATTIJO: Dauda, je ka ce na tafi asibitin Danja gai da marasa lafiya.

DAUDA: Baba, Mama ta ce Hananiya da Safiratu sun yi ƙarya kan kuɗi, suka faɗi suka mutu.

DATTIJO: Tasu ƙarya ce, tawa niyya ce. Tun bara nake da niyyar zuwa Danja. Akwai bambanci, sai ka girma za ka gane.

Dauda ya ruga ƙofa.

DAUDA: Baba ya ce ya yi niyyar ba ya nan.

MAI GAWAYI: Madalla. Ce masa ni ma na yi niyyar kwana a nan.

KAKA: Kai, wannan miji nawa ya iya aike! Zo in ba ka ƙuli-ƙuli.

DATTIJO: Ƙuli-ƙuli? Ina tsumagiyar nan? Karin Magana 13:24, wanda ya hana wa ɗansa sanda ba ya ƙaunarsa. Yau zan nuna maka ƙauna!

Wannan ayar kam ba ya neman ta da fitila. Ita ce ayar da iyaye maza da yawa suka haddace ba tare da gasa ba.

DAUDA: Afisawa sura shida aya huɗu! Ku ubanni, kada ku sa 'ya'yanku su yi fushi!

DATTIJO: Wa ya koya maka wannan?

MAMAN DAUDA: Wadda take koya masa sauran. Kullum da safe muna yin aya guda yana shan koko, kana can kana gyaran hula.

DATTIJO: Aya ta ɗaya ce taku! 'Ya'ya su yi wa iyaye biyayya!

KAKA: Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni uwarka ce ko ba uwarka ba?

DATTIJO: Inna, wannan wani batu ne daban.

KAKA: Ba ni tsumagiyar, ka je ka biya bawan Allah kuɗinsa.

Ya miƙa. Ya laluba aljihu ya sami jika biyu, Maman Dauda ta kwance bakin zane ta cika. Da ya dawo daga ƙofa har ya sake kumbura.

DATTIJO: Amma kun ji yadda yaron nan ya kawo Afisawa, da sura da aya, ba gargada? Jinina ne. Tarbiyyata ce. A bar Zabura, ran Lahadi Afisawa zai kawo, ma'aji ya ji da kunnensa.

MAMAN DAUDA: A gaban fasto da zumuntar mata?

DATTIJO: Aya ta ɗaya kaɗai. Ka ji ko, Dauda?

DAUDA: Ta huɗu na iya, Baba. In na gama sai in ƙara musu da ta niyya.