Bangon da na taɓa a Almere

Ranar Asabar wani abokin aikina Bature ya gayyace ni gidansa a Oosterwold, a gefen birnin Almere na ƙasar Holan. Unguwar tana da doka: duk wanda ya sayi fili, dole rabinsa ya zama gona. Kana buɗe ƙofar kicin ɗinsa sai kunyoyin albasa da kabeji, can gefe akurkin kaji, ga tankin da ke tare ruwan rufi don ban ruwa.

A waje sanyi na ratsa ƙashi, ciki kuwa da 'yar shara muka zauna. Tagogin falon manya ne, gilashi rubi uku, duk suna kallon kudu domin ranar hunturu, mai tafiya ƙasa-ƙasa, ta shigo har tsakiyar ɗaki. Rufin ya zarto ta samansu, idan lokacin zafi ya zo rana ta yi sama sai ya tare ta. Farantan sola sun rufe kwanon, wata na'ura kuma tana zuƙo ɗumi daga iskar waje ta tura shi cikin bututun ruwa a ƙarƙashin daɓe.

Sai ya kama hannuna ya ɗora a bango. Karan alkama ne aka danne, kaurinsa ya kai kamu guda, aka yaɓe da ƙasa. Ya yi ta yi mini bayanin yadda ƙasa ke shanye zafi ta sake shi a hankali, kamar ban taɓa ganin ginin ƙasa ba. Ni da aka yanke wa cibiya a cikinsa.

Abin ya sosa mini rai, domin ni na tura kuɗin da aka rushe soron Baba a Argungu, mai azarar giginya da indararo, aka tayar da bulo da kwano. Dogon yaron tsakar gida ma aka sare saboda wurin ajiye mota. Yanzu idan Afrilu ta yi, zafi ya haura digiri 40, Inna ba ta iya zaman ɗaki daga hantsi har la'asar. Wuta ba ta tsayawa, man janareto kuma kun san kuɗinsa.

Na sani ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, na kuma ga yadda damina mai ƙarfi ke kayar da gidaje a garuruwan bakin fadama. Su da sanyi suke fama, mu da rana, don haka manyan tagoginsu ba namu ba ne. Amma gyara ya kamata mu yi: harsashin dutse da siminti, tubali mai kauri a sama, rufi mai zarta, ƙananan tagogi kudu da arewa, sola a kai, lambu a bayan gida. Gidan Nabame, inda ake ajiye kayan tarihin Kanta, tsohon sarkin Kebbi, tun 1831 yake tsaye a Argungu. Karan shinkafar da Baturen nan zai saya da tsada, mu wuta muke cinna masa a fadama bayan girbi.

Da na koma masauki na kira ƙanena, na ce ya nemo mini tsohon maginin da ke yi wa Baba yaɓe kafin damina. Ya ce, "Yaya, ai idonsa ya tafi, 'ya'yansa kuma duk bulo suke bugawa a Birnin Kebbi." Na ce duk da haka ya je ya gaishe shi, ya tambayo mini daga wane kududdufi ake ɗebo ƙasar soron nan, da kwana nawa ake barinta ta jiƙa.