Nasarar Afrilu ba ta ɗaukar kofi: ku leƙa ɗakin jinyar Dodgers tukuna

Duk shekara haka ake yi. Da an buga wasanni goma na farko a gasar besbol ta Amurka, wato MLB, sai ka ga mutane sun fara rabon kofi a Facebook da X, wai wannan ƙungiyar ta gama lashewa, waccan kuma a sallami kociyanta tun wuri kafin abin ya dagule. Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa muna da ɗan uzuri, don a Firimiya wasa 38 ne kacal, ka zubar da biyar a jere ai ka shiga uku. To amma besbol wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa daga ƙarshen Maris har ƙarshen Satumba, kusan kullum suna fili, wasa goma ko kashi 7 cikin ɗari na kakar bai kai ba. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ni kam a wannan wasan ban yarda ba, sai dai in Larabar da za a duba ita ce jerin sunayen masu jinya, ba teburin maki ba.

Mu ɗauki Los Angeles Dodgers a kakar 2025, tunda su ne kowa ke magana a kansu, masu so da masu ƙi. Sun buɗe kakar a Japan, ranakun 18 da 19 ga Maris a Tokyo Dome, suka doke Chicago Cubs 4 da 1 sannan 6 da 3. Suka dawo gida suka share Detroit Tigers wasa uku, suka share Atlanta Braves wasa uku, nasara takwas a jere babu ko tuntuɓe, wanda babu wata ƙungiya mai riƙe da kofi da ta taɓa fara kaka haka, tarihin da aka karya na Yankees ne tun 1933. Na takwas ɗin ma Shohei Ohtani ne ya rufe shi da hom ran, wato bugun da ke tsallake katangar fili, a zagayen ƙarshe, na tara, ranar 2 ga Afrilu. A lokacin har lissafi ake ta yi wai za su wuce nasara 116 da Seattle Mariners ta yi a 2001. Ƙarshenta 93 suka samu, ƙasa da 98 ɗin da suka yi a shekarar da ta gabata.

Wanda ya sa ido a kan labaran 'yan wasa a makonnin nan ba zai yi mamaki ba ko kaɗan. Mookie Betts bai buga wasan Tokyo ba, ciwon ciki ya kama shi har ya rame aka maido shi Amurka. Freddie Freeman ma bai buga ba saboda haƙarƙari, yana dawowa kuma santsi ya kwashe shi a banɗaki ya fama idon sawun da aka yi masa tiyata, aka kwantar da shi. Blake Snell, mai jifan da suka ba dala miliyan 182 na shekara biyar, wasa biyu kawai ya yi kafaɗa ta kumbura, ba a sake ganinsa ba sai watan Agusta. Kafin Afrilu ya ƙare Tyler Glasnow ya bi shi, shi ma kafaɗa. Roki Sasaki, yaron da ƙungiyoyi suka yi ta rububi a kansa da ya baro Chiba Lotte Marines, a wasansa na farko a Tokyo zagaye uku ya yi ya ba mutum biyar hanya kyauta saboda ƙwallonsa ba ta zuwa inda yake nufi, ka gan shi yana ta share gumi yana kallon mai kama masa, a watan Mayu shi ma aka kai shi jinya. Clayton Kershaw bai fara ba sai tsakiyar Mayu, Ohtani kuwa bugu kawai yake yi, bai koma jifa ba sai 16 ga Yuni. Wato ƙungiyar da ake cewa ba ta da na biyu ɗin nan, tana gama cin wasa takwas a jere masu jifanta na farko suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kwana goma da wannan murnar, ranar 12 ga Afrilu, Cubs ɗin da suka doke a Tokyo suka zo har gida suka yi musu 16 da nema.

Wani abu da ya kamata mai karatu ya sani, don shi ne ƙashin bayan maganar. Kowace ƙungiya mutum 26 take da izinin ajiyewa a shirye, kuma masu jifa ba za su wuce 13 ba. Mai jifan da ya fara wasa yau ba zai sake farawa ba sai bayan hutun kwana huɗu ko biyar, saboda hannun ɗan Adam ba a yi shi don ya riƙa wurga ƙwallo da gudun kilomita 150 da wani abu a awa sau casa'in ko ɗari a dare ɗaya ba. Shi ya sa ake buƙatar mutum biyar suna karɓa-karɓa. In ɗaya ya ji rauni sai a sa shi a jerin jinya na aƙalla kwana 15, a ɗauko wani daga ƙaramar ƙungiyarsu, ta Dodgers tana Oklahoma City. To ka rasa uku cikin biyar a wata biyu na farko, a yawancin ƙungiyoyi kakar ta mutu kenan, sai dai a fara tunanin wa za a sayar a watan Yuli.

Su Dodgers ba su ko girgiza ba, kuma nan ne ra'ayina yake. Mutane na ganin kuɗinsu taurari yake saya, eh gaskiya ne, amma babban abin da kuɗin ke saya musu shi ne haƙuri. Snell ya ce kafaɗa na masa ciwo, babu wanda ya matsa masa ya dawo a Mayu don ana faɗuwa wasa, aka ce je ka huta wata huɗu. Kamar direban doguwar hanya ne da ya ɗaure safaya huɗu a saman mota, taya ta fashe ko a jikinsa, abokin aikinsa mai safaya ɗaya kuwa dole ya yi ta lallaɓa faci har ya kwana a daji. Kuma da gangan suke yi fa. Sun san Glasnow bai taɓa wuce zagaye 120 a kaka ɗaya ba kafin su karɓo shi daga Tampa Bay su ba shi dala miliyan 136 da rabi. Sun san Snell sau biyu kaɗai ya taɓa kai zagaye 180, a 2018 da 2023, shekarun da ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Andrew Friedman, wanda ke tsara musu sayen 'yan wasa, ba lafiyayyen da zai yi wata shida yake nema ba, wanda babu mai iya taɓa ƙwallonsa a Oktoba yake nema, ko da zai kwanta rabin shekara.

Kuma abin ya yi aiki, wannan ba a musu. Da aka zo wasannin kifa ɗaya ƙwala na Oktoba, Snell da Glasnow da Yoshinobu Yamamoto da Ohtani duk suna tsaye da ƙafarsu, Sasakin da aka fara cewa an yi asara shi aka mayar mai rufe wasa. Suka haɗu da Milwaukee Brewers, ƙungiyar da ta fi kowa nasara a kakar, 97, wadda ta doke su a duka wasanni shida da suka yi a tsakiyar shekara, suka share ta 4 da nema. A wasa na huɗu Ohtani ya fitar da mutum 10 da jifa ya kuma buga hom ran uku a dare ɗaya, wallahi ko a wasan kwamfuta ka yi haka sai a ce ka yi maguɗi. Daga nan suka ɗauki World Series, wato kofin ƙarshe na gasar, a hannun Toronto Blue Jays a wasa na bakwai. Af, ita Milwaukee ɗin nan ku tuna yadda ta fara kakar, wasa huɗu na farko duk ta faɗi, har da wanda Yankees suka yi mata 20 da 9 da hom ran tara, lokacin da ake ta surutun wata sabuwar sandar bugu mai kama da kwalba. Wanda ya yanke mata hukunci a makon farko ina ya tsaya?

2024 ma kusan labarin ɗaya ne sai dai ta ɗaya fuskar. Dodgers sun buɗe a Seoul, Koriya ta Kudu, da San Diego Padres, Yamamoto da aka ba dala miliyan 325 na shekara 12 tun bai taɓa jifa ko ɗaya a Amurka ba ya fito wasansa na farko, zagaye ɗaya tak ya yi aka ci shi maki biyar aka cire shi, suka faɗi 15 da 11. A wannan makon ne kuma badaƙalar tafintan Ohtani, Ippei Mizuhara, ta fashe, wanda daga baya ya amsa a kotu cewa ya kwashi kusan dala miliyan 17 daga asusun maigidansa don biyan bashin caca. Ga Betts an ɗauke shi daga inda ya saba an kai shi wurin tsaron da ake kira shortstop saboda jifan Gavin Lux ya ƙi daidaita. A tsakiyar Afrilu suka faɗi jerin wasanni uku a gida, hannun Padres da Nationals da Mets. Masu dariya suka yi ta yi, wai an zuba sama da dala biliyan ɗaya a mutum biyu, Ohtani da Yamamoto, ga abin da aka samu. Ƙarshen Oktoba su suka ɗaga kofi a New York, da masu jifan farko uku kacal da suka rage musu, ɗaya ma, Jack Flaherty, a ƙarshen Yuli suka sayo shi daga Detroit. Yamamoton da aka yi wa dariya a Seoul kuwa shi ne gwarzon World Series na 2025, ya ci wasa uku, har da fitowa a wasa na bakwai washegarin ranar da ya yi jifa a na shida, babu hutu.

Kar a ce na ce Afrilu ba shi da amfani kwata-kwata. Ga ƙungiyar da ba ta da komai yana faɗin gaskiya tsirara. Chicago White Sox ta fara 2024 da nasara 3 faɗuwa 22 ta ƙare da faɗuwa 121, Colorado Rockies ta fara 2025 a ƙasa ta ƙare da faɗuwa 119, babu wani abin mamaki da ya faru a tsakani, don babu kowa a ɗakin jinya ko a ƙaramar ƙungiya da ake jira ya zo ya ceci lamarin. A tsakanin manya ne teburin ke yaudara. Tampa Bay ta ci wasa 13 a jere a farkon 2023, masu jifanta suka yi ta karyewa, ta shiga Oktoba Texas ta kore ta a wasa biyu. Washington Nationals kuma a 2019 tana da nasara 19 faɗuwa 31 a watan Mayu, ita ta ɗauki kofin.

Kuma kuɗi kaɗai ba ya yi, wannan ma a faɗa. New York Mets ta ba Juan Soto dala miliyan 765, a tsakiyar Yunin 2025 babu wanda ya kai ta nasara a duk gasar, ƙarshe ko gurbin wasannin Oktoba ba ta samu ba. Su kansu Dodgers sun yi cinikin da bai yi albarka ba, Tanner Scott da suka ba miliyan 72 don ya riƙa rufe musu wasa ya yi ta zubar da nasarori, Michael Conforto mai miliyan 17 ya kasa bugu duk shekara. Bambancin kawai shi ne su kuskuren miliyan 72 ba ya kashe su, a Pittsburgh ko Miami kuwa kuskure irin wannan sai a shekara uku ana biyansa.

Shin adalci ne? Doka dai ba su karya ba. MLB ba ta da iyakar albashi kamar gasar ƙwallon kwando ta NBA ko ta ƙwallon Amurka ta NFL, haraji kawai ake ɗora wa wanda ya wuce layi, kuma Dodgers sun biya wajen dala miliyan 103 na wannan harajin a 2024 ba su ko yi tari ba. Kwantiragin Ohtani ma, miliyan 700 a takarda, miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, sauran 680 sai daga 2034 zuwa 2043, dabara ce da ƙa'ida ta yarda da ita kuma shi da kansa ya kawo shawarar don a samu sararin sayo wasu. Ni haushina ya fi yawa a kan masu ƙungiyoyin da ke karɓar kason da ake yanka daga manya ana raba wa ƙanana su zuba aljihu su bar magoya bayansu da kallon yara, amma duk da haka ba zan yi kamar ban ga matsalar ba, gasar da ƙungiya ɗaya za ta iya ɗaukar wata shida a matsayin atisaye tana jiran Oktoba, sauran kuma kowane ciwon kafaɗa tashin hankali ne, akwai gyara a cikinta.

Ga masu bi daga nan, wasan dare a Los Angeles yana kamawa wajen ƙarfe uku na asuba a agogon Najeriya da Nijar, a 2025 ma ya zo daidai da ƙarshen azumi, wanda ya tashi sahur da wuri ya samu daren da Betts, bai gama maida jikinsa ba, ya buga hom ran biyu ya kashe wasa da Detroit a zagaye na goma. In ba ka da wannan juriyar, da safe in ka buɗe waya kada ka tsaya a kan wa ya ci, gangara ƙasa ka ga wa aka kwantar, kwana nawa aka ce, kafaɗa ce ko gwiwar hannu, wa aka kira daga Oklahoma City. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa an sa mata wa'adin ƙarewa ranar 1 ga Disamba 2026, kuma wasu daga cikin masu kuɗin tuni suke nuna Dodgers da yatsa suna neman a sa iyakar albashi. Lokacin da aka yi wannan rigimar da gaske a 1994, 'yan wasa yajin aiki suka tafi, aka soke World Series na shekarar gaba ɗaya.