Fita biyar cikin kwana biyar da tsohuwa, haba jama'a

Wallahi tun jiya nake danne maganar nan ta ƙi dannuwa, kuma tunda a gurup ɗin gida an ce in yi shiru kar in ɓata ma mutane rai, to bari in faɗe ta nan inda ba mai goge mani saƙo. Duk kun ga hotunan, kun yi ta zuba masha Allah a ƙasa, ni ma na zuba, don ba ƙarya ƙanena ya yi abin kirki da ya ɗauki Inna ya kai ta ta ga teku da idonta, Allah ya saka mashi. Amma a ce bato, wato babban jirgin ruwan yawon shaƙatawa da sunka shiga, ya tsaya gari biyar cikin kwana biyar a jere kuma duka biyar ɗin sai an sauka yawo da tsohuwa mai ciwon gwiwa da tansiyo, ga ƙananan yara, wannan cutarwa ce ko da da kyakkyawar niyya anka yi ta. Hotuna ba su nuna maku ƙafarta ba. Ni na gan ta ran da sunka sauka Yamai, takalmi ya ƙi shiga, daga filin jirgi kilinik munka wuce kafin gida.

Mutane ba su gane yadda abin yake ba shi ya sa suke cewa na cika ƙorafi. Baton nan otel ne da ke tafiya bisa ruwa. Da dare yana gudu kuna barci, da safe ya tsaya bakin wani gari, da marece ya ɗaga ya nufi na gaba. Kuɗin da ka biya na ɗaki ya haɗa da abinci safe da rana da dare, ga wurin wanka, ga wurin da ake tsare yara ana masu wasa, ga kujeru a sama kana zaune kana kallon ruwa iska na kaɗa ka. Duk wannan ka riga ka biya shi tun kana Yamai. Saukar yawo kuwa kuɗinta daban, kowane kai da nashi, kowace rana da tata. To sai mutum ya biya otel mai tsada haka, ya tashi iyalinshi tun da asuba kullum ya fitar da su, su dawo da magariba a gajiye ba mai iya ɗaga cokali, gobe a sake. Yaushe anka zauna baton? Inna ta ce mani rana guda kaɗai ta sha shayinta a zaune ba wanda ke cewa ta yi sauri, ranar da bato bai tsaya ko'ina ba, tsakanin Tunis da Barsalona. Rana guda cikin sati.

Ku ɗauki ranar Roma kawai. Bato ba ya shiga Roma, don garin ba bakin teku yake ba. Yana tsayawa wata tasha da ake kira Cibitabekiya, wajen kilomita 80 daga birnin, sai a zuba ku cikin kar, wato babbar motar bas, awa ɗaya da wani abu zuwa, haka kuma dawowa, in ba a haɗu da cunkoso ba. Kun ga wajen awa uku sun tafi a zaune ƙafa a lanƙwashe, mai ciwon gwiwa ya san abin da nake nufi. In an isa, kar ba ta shiga lungunan tsohon gari, sai a ƙasa, kuma titunan nasu duwatsu ne baƙaƙe anka jera, keken yaro ma da ƙyar yake turuwa balle tsohuwa da silifa. Ɗan jagora na gaba da ƴar tutarshi yana sauri don shi lokaci anka ba shi, mutum arba'in na bin shi kamar garken da anka koro zuwa kasuwar Badagishiri, in kin tsaya shan ruwa kin ɓace. A watan Agusta fa. Wani zai ce ai mu ƴan Tawa ne, wace rana ce za ta ba mu tsoro. To a Tawa wa ya taɓa ganin an fitar da tsohuwa tana zagaya gari a ƙafa tsakar rana? Da azahar kowa inuwa yake nema, hatta jaki.

Sannan maganar salla, wadda ita ce ta fi ci mani rai. E matafiyi na da sauƙi, zai yi kasaru, zai iya haɗa azahar da la'asar, ba wanda ya musa. Amma ina za ta yi alwala? Bayin kanti da ake bin layi, wani wurin ma sai ka saka kuɗi, ba buta, ba wurin wanke ƙafa. Akwai babban masallaci a Roma, tun 1995 anka buɗe shi, amma can gefen gari yake kuma karar ƴan yawo ba ta bi ta can. Matar da tun muna yara ba mu taɓa ganin ta jinkirta salla ba sai ga ta tana sallar la'asar rana na shirin faɗuwa, a ɗakin bato, a zaune don ƙafa ta ƙi. Ta faɗa mani wannan tana share ido da bakin mayafi, kuma har yanzu wai ni ce mai neman rigima.

Na san amsar da za a ba ni don an riga an ba ni ita a gurup. Wai Yaya kin san wahalar da anka sha kafin a samu biza, tun da ofishin jakadancin Faransa ya rufe a Yamai farkon 2024 komai ya ƙara tsauri, ga kuɗin jirgi, ba a san ranar da za a sake samun dama ba, dole a ga komai. Na ji. To an ga komai ɗin? Ku tambayi yaran me sunka gani a Jenowa, me sunka gani a Palermo, wallahi sun cakuɗa su, babban cewa yake duk coci ne da tattabaru. Garin da anka yi shekara dubu biyu ana gina shi ba a ganin shi cikin awa huɗu ana gudu, abin da ake samowa hoto ne kawai, kuma hoton ma kowa fuska a murtuke in ka duba da kyau. Tsadar biza ba ta ƙara ma tsohuwa ƙarfin gwiwa. In dama ce guda a rayuwa to ai ita ce ya kamata a lallaɓa, a dawo da abin daɗin tunawa.

Wasu kuma sun ce ai Inna ba ta ce ta gaji ba, kullum in an tambaye ta sai ta ce mu je. Haba. Ku da kuka tashi gabanta ba ku san ta ba? Ɗanta ya kashe dukiya ya kawo ta, surukarta na tsaye, jikoki na tsalle, a ce ta buɗe baki ta ce ni ba ni zuwa? Iyayenmu mata da kawaici anka rene su, ko ƙaya ta taka ba za ta ce wash ba gaban suruka. Kai ne za ka duba tafiyarta, ka ga ta fara dafa bango, ka ce Inna yau ni ma na gaji mu zauna mu sha iska. Ka ɗauke mata nauyin faɗa. Wanda ya jira sai tsohuwa ta ce ta gaji kafin ya tsaya, to ya shirya zuwa likita.

Ga kuɗi kuma. Euro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, ba ya motsi. Fita guda ta kama su wajen euro 70 kowane kai, su takwas, euro 560 ke nan, sama da jika 360 a yini ɗaya, ban da ruwa da gilas ɗin yara da ƴan tsarabar da ake saye don kunya. Ku ninka sau biyar da kanku. Alhali abincin rana na can cikin bato an dafa an shimfiɗa, an riga an biya, ba mai ci, su kuma suna tsaye bakin titi suna neman abin da ba naman alade ciki suna ƙarewa da burodi da cuku. Ba hassada nake ba, wanda ya rubuto mani haka a ɓoye Allah ya shirye shi, kuɗinshi ne ya nema da guminshi. Takaicina a kashe kuɗi a sayo wahala.

In za a ji tawa, tafiyar sati da tsoho da yara, fita biyu ta isa, in an matsa uku, kuma kar a jera su, a sa hutu tsakani. A zauna tun a gida a tambayi kowa wuri guda da ranshi ke so. Da an tambayi Inna da Tunis za ta zaɓa, na tabbata, don tashar Lagulet kusa take da gari, ga masallacin Zaituna cikin tsohuwar kasuwa da ya haura shekara dubu, za ta ji kiran salla, ta yi alwala a natse, ta ci abinci ba tambaya. To Tunis ce ta zo ƙarshe, lokacin da ƙafa ta riga ta kumbura, ta shiga kar ta kasa sauka, masallacin da ya fi dacewa ta gani shi ne ba ta gani ba. Wannan kaɗai ya isa hujja. An ƙarar da ƙarfinta a wuraren da ba ruwanta da su.

Kuma wa ya ce dole a fita gaba ɗaya? Matasa masu jini a jika su sauka duk garin da suke so, Allah ya ba su ƙafa. Mutum guda ya zauna da tsohuwa da ƙananan, gobe wani ya karɓe shi. Ranar da bato ke tsaye ma ita ce ranar daɗinshi, jama'a sun watse, ba layi wurin abinci, ba turereniya bakin asansar. Wani garin kamar Palermo tashar na jikin birni, za ku iya sauka da hantsi ku ɗan taka ku sha gilas ku koma kafin azahar ba kar ba ɗan jagora. Abu guda dai a kiyaye, in da kanku kunka fita bato ba ya jiran kowa, lokacin komawa a rubuce yake bakin ƙofa, kuma a bi agogon bato, don lokacin zafi Italiya na gaban Tunis da awa ɗaya, salula na iya canza lokaci da kanta ta yaudare ka.

Halin nan ba a bato ya tsaya ba, shi muke kaiwa Umra. A kwaso tsofaffi an gama ɗawafi da sa'ayi jiki bai huta ba a ce gobe ziyara, jibi ziyara, har da masu tura iyayensu hawan Jabalin Nur don a ɗauki bidiyo a turo gida. Duk don kar a dawo a ce ba ku je wuri kaza ba. Wa zai ce? Mu da ke zaune nan muna danna waya?

Abu ɗaya da yaran sunka ba ni labari ya tsaya mani a rai, kuma ba shi da alaƙa da yawon. Sun ce kafin bato ya ɗaga sai da anka sa kowa, babba da yaro, ya san inda zai tsaya in hatsari ya faru, anka nuna masu yadda ake sa rigar ceto. Doka ce, an ƙara tsaurara ta bayan baton Costa Concordia ya kife kusa da wani tsibirin Italiya a 2012 mutum 32 sunka rasu. Mu kuwa ga kogi nan ya ratsa Yamai, ku je Gaya ko Ayoru ranar kasuwa ku ga yadda ake loda jirgi, mata da goyo, buhunan hatsi, babura, har bakin jirgin na shafar ruwa, rigar ceto ko ɗaya ba ka gani, kuma yawancin waɗanda ke ciki ba su iya iyo ba. In damina ta yi ruwa ya cika sai mu ji labari mu yi inna lillahi a Facebook kwana biyu mu manta. Masu jiragen nan suna da shugabanni, mairi na karɓar kuɗin tasha, me zai hana a ce ba jirgin da zai tashi sai da riguna ko da na yara ne kawai? Ina son wanda ya san farashin rigar nan a Babbar Kasuwa ko Katako ya rubuto mani a ƙasa, da gaske nake tambaya.